Haruffan ZAZZAU shida, jeri 60: yadda ake hana kwamfuta maimaita kanta

Ɗauki haruffan sunan ZAZZAU ka tambayi kanka ta hanya nawa za a iya jera su. Haruffa shida ne. Wanda bai manta lissafin sakandare ba zai ce gurbi na farko yana da zaɓi 6, na biyu 5, na uku 4, haka har zuwa 1, a ninka su duka a samu 720. Da haruffan duk sun bambanta, da amsar ke nan. To amma Z uku ne, A biyu, U ɗaya. Ka ɗauke Z na farko ka kai shi gurbin Z na uku, ka dawo da wancan nan, abin da ido zai gani ZAZZAU ne dai. Z ukun nan suna iya musayar wuri a tsakaninsu ta hanya 6, A biyun ta hanya 2, saboda haka kowane jeri na gaskiya ya fito sau 12 a cikin 720 ɗin. Raba 720 da 12, ka samu 60.

Ƙidayar ba ta da wuya, kuma tsohuwa ce: masanin lissafin Indiya Bhaskara na biyu ya rubuta wannan ƙa'ida tun wajen shekarar 1150. Inda gizo ke saƙar shi ne a sa kwamfuta ta fitar da jeri 60 ɗin, kowanne sau ɗaya tak, ba tare da ta bi ta kan 720 ba. Duk mai karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ko a Kwalejin Nuhu Bamalli, ko mai koyo da kansa a ɗaki da wayarsa, zai ci karo da wannan tambaya wata rana. Tana kuma cikin waɗanda ake yi wa masu neman aikin rubuta manhaja. A LeetCode, shafin intanet na tambayoyin gwajin rubuta manhaja, ita ce ta 47.

Hanyar da kusan kowa ke fara bi

A fitar da duka 720, sannan a tace. A Python, ɗaya daga cikin yarukan rubuta manhaja, akwai umarnin itertools.permutations mai fitar da jeri, wanda ke kallon gurbin abu ba ƙimarsa ba, don haka a wurinsa Z na farko da Z na uku abubuwa biyu ne daban. Sai ɗalibi ya zuba duk abin da ya fito cikin set, ma'ajin da ba ya riƙe abu ɗaya sau biyu, ya ƙirga, ya ga 60, ya rufe kwamfutarsa da farin ciki.

Ban ga laifin wannan ba idan abubuwan kaɗan ne. A LeetCode ma tarin abubuwan da za a jera ba ya wuce 8, kuma jerin abubuwa 8 duka-duka 40,320 ne, aikin ƙiftawar ido. Amma ƙara huɗu kawai. A ce lamba 1 ce sau goma sha ɗaya, sai lamba 2 guda ɗaya. Amsa 12 ce rak, domin abin da ke canzawa kawai shi ne gurbin da 2 ta zauna. Mai fitar da duka sannan ya tace sai ya ƙera jeri 479,001,600 kafin ya miƙa maka goma sha biyun nan. Idan ya fara tara su a ƙwaƙwalwar kwamfuta kafin tacewa, ƙwaƙwalwar za ta cika. Idan yana tacewa yana tafiya, ƙwaƙwalwa ta huta amma lokacin yana nan. A garin da ake iya ɗauke wuta kana tsakiyar aiki, batirin laftof kuma ya ga jiya ya ga yau, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Ka ƙara 1 guda ɗaya, su zama abubuwa 13, adadin ya haura biliyan 6.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, ba a ƙarshen aiki ake maganin maimaici ba. A wurin zaɓi ake haifar sa, can kuma ya kamata a tare shi.

Ja da baya

Dabarar da ake amfani da ita sunanta ja da baya, kuma duk wanda ya taɓa neman gida a lungunan cikin birnin Zariya ya san ta a aikace: ka shiga lungu, in bai ɓulle ba ka dawo mararrabar da ka baro, ka gwada na kusa da shi, ba ka koma bakin Ƙofar Doka ka faro daga farko ba. Masanin lissafin Amurka D. H. Lehmer ne ya raɗa mata suna a shekarun 1950, sannan Golomb da Baumert suka yi mata cikakken bayani a 1965.

A wajen jera abubuwa, ga yadda take tafiya. Akwai jerin da ake ginawa, wanda ke farawa babu komai a ciki. A zaɓi abu ɗaya a sa a gurbi na farko, a yi masa alamar an ɗauka. Sai aikin ya kira kansa, wato ya sake bin matakan nan, don cike gurbi na biyu daga abin da ya rage, haka har gurabe su cika, a rubuta jerin a matsayin amsa. Daga nan a cire abin da aka sa na ƙarshe, a goge alamarsa, a gwada wani a wannan gurbin. Idan zaɓin gurbin ya ƙare, a ƙara ja da baya taki ɗaya. In ka zana wannan a takarda za ka ga bishiya: kowane zaɓi reshe ne, kowane cikakken jeri kuma yana can ƙarshen reshe.

Yanzu mu ga inda maimaici ke shigowa, da ƙaramin misali: 1, 1, 2. A gurbi na farko ka ɗauki 1 ta farko, abin da ya rage 1 da 2, ka samu 112 da 121. Ka dawo, ka ɗauki 1 ta biyu. Me ya rage? 1 da 2 dai. Duk abin da zai tsiro a wannan reshe ya riga ya tsiro a na baya, ba ragi ba ƙari. Ke nan ƙa'idar guda ɗaya ce: a gurbi ɗaya, bayan abubuwan da ke gabansa sun zauna, kada a gwada ƙima ɗaya sau biyu. Lura da kyau, ba a hana 1 ta bi bayan 1 a gurbi na gaba ba, in ba haka ba 112 ba zai taɓa fitowa ba. Hanin ya tsaya ne a kan gurbi ɗaya.

A ZAZZAU wannan na nufin gurbi na farko zaɓi 3 gare shi, ba 6 ba: A, U ko Z. Idan A ya fara, jeri 20 ne a ƙarƙashinsa. Idan U ne, 10. Idan Z ne, 30. Jimla 60, kuma ba a taɓa ko ɗaya daga cikin sauran 660 ɗin ba, domin an datse rassansu tun daga tushe.

Hanyoyin da ake bi wajen rubuta wannan ƙa'ida uku ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba a wurina.

Wadda ta fi yawo a intanet ita ce a fara tsara abubuwan daga ƙarami zuwa babba, yadda masu kama da juna za su zauna kafaɗa da kafaɗa: A A U Z Z Z. Sai a riƙe alamar wanda aka ɗauka da wanda ba a ɗauka ba. Lokacin zaɓi, a tsallake abu idan ya yi daidai da na bayansa, kuma na bayan nan ba a ɗauke yake ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ɗalibai ke haddacewa kamar karatun allo, ka tambaye su dalili su yi shiru. Dalilin ga shi. Idan Z na farko ba a ɗauke yake ba alhali mun iso kan Z na biyu, to ma'anarsa mun riga mun gwada Z na farko a wannan gurbin, mun gama da shi, mun mayar. Gwada na biyu maimaici ne. Idan kuwa Z na farko a ɗauke yake, to yana can zaune a wani gurbi na baya, Z na biyu kuma yana da haƙƙin shigowa. A taƙaice an tilasta wa 'yan'uwa su shigo bisa tsari, babba kafin ƙarami, wato Z na farko kafin na biyu, kuma cikin hanyoyi 6 da Z uku za su iya shigowa an bar guda ɗaya.

Akwai wani abin ban mamaki a nan da ke rikita har waɗanda suka ƙware. Idan ka juya sharaɗin, ka ce a tsallake abu idan na bayansa a ɗauke yake, amsar da za ta fito daidai ce. Wani ɗalibi zai ce, "Malam, ai duka biyun suna aiki, me ya sa ka nace a kan ɗaya?" Suna aiki, amma ba wahalarsu ɗaya ba. Juyayyen sharaɗin yana tilasta 'yan'uwan su shigo daga ƙarami zuwa babba, sai dai ba ya gane ya ɓata hanya sai ya yi nisa. Gwada shi da 1, 1, 1, mu kira su ta farko, ta biyu, ta uku. Da sharaɗin asali taki 3 ne kawai: ta farko, ta biyu, ta uku, an gama. Da juyayyen, sai ya fara da ta farko, ya ɗora ta uku, ya tarar an hana ta biyu shiga, ya dawo. Ya fara da ta biyu, ya ɗora ta farko, an hana ta uku, ya dawo. Ya fara da ta uku, ya ɗora ta farko, an hana ta biyu, ya dawo. Sai a karo na huɗu ya dace: ta uku, ta biyu, ta farko. Taki 8 maimakon 3, uku daga cikin rassan kuma matattu ne. Da abubuwa uku wannan abin dariya ne. Da 1 guda goma sha biyar, mai sharaɗin asali ya yi taki 15 ya tashi, ɗayan kuwa yana nan yana shiga rassan da ba sa kai ko'ina.

Hanya ta biyu ita na fi so, ita kuma nake fara koyarwa. A manta da cewa akwai Z na farko da Z na biyu. A yi ɗan teburin ƙidaya: A biyu, U ɗaya, Z uku. A kowane gurbi a bi haruffan teburin ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ƙidayarsa ba ta kai sifili ba a sa shi, a rage ɗaya, a ci gaba, in an dawo a mayar da ɗayan. Shi ke nan. Babu sharaɗin haddacewa, babu tilas a tsara, kuma maimaici ba shi da ƙofar shiga tun asali, tunda Z sau ɗaya ya bayyana a teburin. Babu mataccen reshe ko ɗaya, duk inda aka dosa sai an isa cikakken jeri. Ga wani amfani kuma: a misalin 1 goma sha ɗaya da 2 guda, kowane gurbi abubuwa biyu yake dubawa, ba goma sha biyu ba. A ganina, wanda ya fahimci wannan hanya zai iya ƙirƙiro ta farko da kansa, amma wanda ya haddace ta farko ba lallai ya gano wannan ba.

Ta uku ita ce ta musaya, kuma a nan ne tarko yake. Ba a gina sabon jeri. A cikin tarin ake musanya abin da ke gurbin da ake cikewa da kowane abu na gabansa, a ci gaba, sannan a mayar. Tana da tsimin ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake son ta. Matsalar tana zuwa ne idan mutum ya ɗauko dabarar duba maƙwabci daga hanya ta farko ya liƙa a nan. Ɗauki 1, 1, 2, 3. Da ka musanya na farko da na ƙarshe, tarin ya koma 3, 1, 2, 1. Dubi yadda 2 ta shiga tsakanin 1 da 1. Mai duba maƙwabci ba zai ga sun yi kama ba, sai ya gwada 1 sau biyu a gurbi na biyu, 3121 da 3112 su fito sau bibbiyu. Amsa ta gaskiya 12 ce, shi zai ba ka 14. Abin takaicin shi ne da 1, 1, 2 manhajar tana ba da amsa daidai, mai ita ya tafi da yaƙinin ya gama. Gyaran shi ne kowane gurbi ya riƙe nasa ɗan ma'aji na ƙimomin da ya riga ya gwada, ya duba can maimakon ya duba maƙwabci.

Kuskure ɗaya ya rage wanda ba ruwansa da maimaici, amma yana kama masu Python da Java sosai. Idan jeri ya cika, kwafinsa ake ajiyewa, ba shi kansa ba. Jerin da ake ginawa guda ɗaya ne, ana sa masa ana cire masa. In ka ajiye shi kansa sau 60, a ƙarshe za ka tarar da fanko 60, domin ja da baya ya kwashe komai kafin ya tsaya.

Iyakar abin

Kada wani ya ɗauka datse rassa ya kashe matsalar girma. Idan abubuwan duk sun bambanta, babu reshen da za a datse: abubuwa 10 jeri 3,628,800 ne, kuma dole a rubuta kowanne. Mafi kyawun abin da dabara za ta iya shi ne aikinta ya yi daidai da yawan amsoshin da ake nema, kowace amsa kuma ta ci gwargwadon tsawonta. Ribar tana zuwa ne gwargwadon yawan maimaici. Abubuwa 10 da suka kasu biyar-biyar jeri 252 kawai suke bayarwa, wanda shi ne adadin hanyoyin da za ka bi idan tafiyarka taki biyar ce gabas da taki biyar arewa. Malamin da ke tsara jadawalin aji, yana da darasi shida a rana, Lissafi uku, Turanci biyu, Hausa ɗaya, shi ma tsari 60 ne a gabansa. A irin nasa aikin ne ma ja da baya ke nuna ƙarfinsa, domin zai iya ƙara sharaɗi, misali kada Lissafi ya zo sau uku a jere, a datse reshen nan take da zarar na ukun ya nemi zama, ba sai an gina jadawalin ya cika ba.

Idan kuwa ba ka da wani sharaɗi, jerin kawai kake so ɗaya bayan ɗaya, akwai hanyar da ba ta buƙatar aiki ya kira kansa, kuma ta girmi kwamfuta da kusan shekara 600. Narayana Pandita, shi ma daga Indiya, ya bayyana ta a ƙarni na 14. Ka faro daga dama ka nemi harafi na farko da ya fi na damansa ƙanƙanta. Ka musanya shi da na ƙarshe a cikin waɗanda suka fi shi girma a damansa. Sai ka juya duk abin da ke bayan wannan gurbi. A tsarin abacada, jeri na 1 shi ne AAUZZZ, na 60 ZZZUAA, ZAZZAU kansa kuma na 41 ne. Bi ƙa'idar daga nan: A ya fi U ƙanƙanta, a musanya, ZAZZUA, na 42. Sake bi: sai ka dawo har kan A na gurbi na biyu kafin ka samu wanda ya fi na damansa ƙanƙanta, ka musanya shi da U, ka juya saura, ZUAAZZ, na 43. Da yake "ya fi ƙanƙanta" aka ce, ba "bai fi girma ba", haruffa masu kama ba sa musaya da juna, maimaici bai samu shiga ba. Wannan ce dabarar da ke cikin next_permutation na C++, shi ya sa masu wannan yare ba su cika kuka da matsalar ba, muddin sun tsara tarin kafin su fara.

Zariya gari ne na nahawu da lugga, don haka bari in ɗan ratse. Al-Khalil bin Ahmad, malamin Basra na ƙarni na 8, wanda almajirai suka fi sani da ilimin aruli, kuma malamin Sibawaihi, da irin wannan lissafi ya tsara ƙamusunsa Kitabul Aini. Yakan ɗauki haruffan tushen kalma ya jujjuya su: biyu su ba da 2, uku su ba da 6, huɗu 24, biyar 120, sannan ya ware waɗanda Larabawa ke amfani da su daga waɗanda aka bari. Aikin da muke ba kwamfuta yau, shi da hannu ya yi shi.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da duk dabarun nan suka dogara a kanta amma ba su amsa ta ba: yaushe abu biyu suke iri ɗaya? Da lambobi babu gardama. Da rubutun Hausa akwai. A wurin kwamfuta K da Ƙ haruffa biyu ne, haka ya kamata, amma z ƙarami da Z babba su ma biyu ne a wurinta, sai ka mayar da su bai ɗaya kafin ka ƙirga. Wani ya rubuta ƴ, wani ya rubuta 'y, sauti ɗaya, amma na farko alama ɗaya ce, na biyu alama biyu. Sai kuma tagwayen baƙaƙe irin su ts da sh, waɗanda a Hausa harafi guda ne. Ɗauki TSATSA. A idon Bahaushe haruffa huɗu ne, ts biyu da a biyu, jerinsu 6. Ka miƙa wa Python kalmar yadda take, sai ta ga alamomi shida, T biyu, S biyu, A biyu, ta ba ka 90, mafi yawansu da T a wani wuri S a wani wuri. Manhajar ba ta yi kuskure ba, abin da aka ba ta ta jera. Saboda haka kafin ka gina teburin ƙidaya, ka fara yanka kalmar zuwa haruffan Hausa da kanka, sannan in manhajar ta gama ka gwada yawan abin da ta fitar da lissafin rabawa da muka yi, a kan tarin da ya kai aƙalla abubuwa huɗu masu ƙima uku daban-daban, kamar 1, 1, 2, 3 ɗin da ya tona asirin hanyar musaya.